Pierre Soulages: mai zanen da ya bar asid ya huda masa faranti

A watan Nuwamban 2021, gidan gwanjon Sotheby's da ke birnin New York ya sayar da wani zane na Bafaranshen nan Pierre Soulages kan dala miliyan 20 da ƴan kai, abin da ya haura miliyar 11 na kuɗin sefa. A cikin zanen babu mutum, babu doki, babu ko inuwar bishiya. Manyan shafe-shafe ne na baƙin fenti a kan ja. Sunan zanen ma ba ya taimakon mai kallo da komai, domin tsawonsa da faɗinsa ne kawai, sai ranar da aka gama shi, 4 ga Agustan 1961. Duk lokacin da irin wannan labari ya faɗo a Facebook, sharhin da ke biyo baya sananne ne: wannan ai ko ɗan firamare zai yi shi, Turawa dai kuɗi ne ya yi musu yawa.

Rabin maganar gaskiya ce. Kuɗin ya yi yawa, kuma farashin gwanjo ba ya auna ingancin aiki, abin da yake aunawa shi ne aljihun attajirai biyu da suka ƙi janye wa juna a dare guda. Ɗaya rabin, wato cewa ko yaro zai iya, shi ne ke buƙatar a zauna a kansa. Wanda yake son ya san ko Soulages gwani ne ko kuwa sa'a ce ta ɗauke shi, ya bar manyan zane-zanen da ake rububi a kansu, ya nemi ƙananan ayyukansa na bugu, waɗanda ya fitar a kan takarda daga farantin jan ƙarfe, ko daga dutse, ko ta cikin yadin tacewa. Kimanin 120 ne gaba ɗaya, alhali zane-zanensa na fenti sun haura 1,500. A cikin waɗannan ƴan takardun ne ake ganin yadda kansa ke aiki, kuma su ne sashen aikinsa da ya fi kusa da abin da matashin Maraɗi ko Damagaram zai iya sa wa hannu gobe.

An haifi Soulages ranar 24 ga Disamban 1919 a Rodez, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa. Mahaifinsa mai ƙera kekunan doki ne, ya kuma rasu yaron bai wuce shekara biyar ba, don haka mahaifiyarsa da yayarsa suka raine shi. Titin da ya tashi a ciki na masu sana'ar hannu ne, maƙera da kafintoci da masu ɗab'i, kuma wannan ya bi shi har tsufa: mutum ne mai son kayan aiki, wanda in bai samu abin da yake so a kasuwa ba sai ya ƙera nasa. Akwai labarin da shi da kansa ya sha bayarwa, cewa yana yaro aka same shi yana jan layukan baƙar tawada a kan farar takarda, da aka tambaye shi me yake zanawa sai ya ce dusar ƙanƙara. Mutanen gida suka yi ta dariya. Yaron kuwa ya gano cewa takarda ba ta yin fari sosai sai an ajiye mata baƙi a gefe. Kusan duk abin da ya yi a shekaru 90 da suka biyo baya bai fita daga wannan ba.

A ƙarshen shekarun 1930 ya tafi Paris, aka karɓe shi a babbar makarantar koyon zane ta Beaux-Arts, amma ya duba abin da ake koyarwa ya ga ba nan ba ne, ya koma gida. Yaƙin duniya na biyu ya same shi a Montpellier, inda ya auri Colette a 1942, auren da ya kai shekara 80. Domin ya tsere wa aikin tilas da ake kwasar samarin Faransa zuwa Jamus, ya ɓuya a gonar inabi da takardun jabu. Sai a 1946 ya koma yankin Paris, ba shi da kuɗi, ba shi da suna. Ya rinƙa aiki da manyan buroshin masu fentin gida, da wani ruwan kala mai duhu da kafintoci ke shafa wa katako, wanda ake samu daga ɓawon ƴaƴan wani itace kuma yake da arha ƙwarai. A daidai lokacin da abokan sana'arsa ke cika zanensu da ja da rawaya don murnar ƙarewar yaƙi, shi baƙi da ruwan ƙasa ya fito da su.

Wani abin lura shi ne, jama'a da yawa sun fara ganin aikinsa ne a manne a bango. A 1948 an shirya baje kolin masu zane marar siffa na Faransa da ya zagaya biranen Jamus, waɗanda yaƙi ya bari a rushe. Soulages ne ƙarami a cikin tawagar, amma aikinsa aka zaɓa aka buga a matsayin takardar tallan baje kolin. Tun kafin masu kuɗi su san shi, injin bugu ya riga ya raba shi a tituna.

A 1952 ya shiga shagon Roger Lacourière da ke unguwar Montmartre, inda Picasso da Matisse suka yi aiki kafinsa, domin ya gwada sassaƙar asid. Yadda ake aikin kuwa shi ne, a sami farantin jan ƙarfe mai santsi, a shafe shi da wani shafi mai kama da kwalta wanda asid ba ya iya ci. Mai zane ya kankare shafin a wuraren da yake so, ƙarfen ya fito fili. Sai a tsoma farantin a ruwan asid, shi kuma ya ci duk inda aka buɗe masa, ya bar kwarmi. A wanke farantin, a cusa tawada cikin kwarmin, a goge saman tas, a ɗora takarda mai laima, a tura su tsakanin manyan ƙarafan injin matsa. Takardar ta shiga kwarmin ta kwaso tawadar. A sake cusa tawada, a sake bugawa, har a sami adadin da ake so. Tsohuwar sana'a ce a Turai, da ita Rembrandt ya yi suna tun ƙarni na 17, kuma dokarta ta farko ita ce a tsare asid da agogo a hannu, kar ya wuce gona da iri.

Ayyukansa na farko a wannan shago ba su da wani abin a zo a gani, kuma shi ma bai ɓoye hakan ba. Zanensa na fenti ya ɗauko ya mayar a kan jan ƙarfe, kamar mai kwafar darasi daga allon wani. Sun yi kyau daidai gwargwado, amma ƙarfen bai ƙara musu komai ba. Da a nan ya tsaya, da babu dalilin wannan rubutu.

A 1957 ya dawo, kuma a nan ne abin ya faru. Yana neman baƙin da ya fi kowane baƙi, kuma a wannan sana'a zurfin kwarmi shi ne yawan tawada, yawan tawada shi ne duhun baƙi. Don haka ya rinƙa barin farantin a cikin asid fiye da ƙa'ida. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, Lacourière na zuga shi yana ce masa ya ci gaba, muddin akwai sauran ƙarfe akwai sauran fata. Rannan sai asid ya huda farantin ya fita ta baya. A idon duk wani mai sana'ar, faranti ya lalace, sai dai a jefar a yanko wani. Soulages ya ce a buga shi a haka.

Abin da ya fito daga injin ya ba shi mamaki. Duk inda ƙarfe yake, nauyin injin ya danne takardar ta yi sumul. Inda ramin yake kuwa babu abin da ya taɓa ta, don haka ta kumburo ta cikinsa da kaurinta da gashinta, fara fat, a tsakiyar baƙi mafi duhu. Yana neman ƙarshen baƙi sai ya faɗa cikin fari. Hausawa na cewa wani hanin ga Allah baiwa ne, amma a nan ya kamata a yi adalci: irin wannan haɗari ya sami ɗaruruwan masu sassaƙa kafinsa, kuma kowannensu ya yi tsaki ya jefar da farantin. Bambancin shi ne idon da ya tsaya ya duba abin da ɓarnar ta haifar. Wannan idon ne ɗan firamaren da ake magana ba shi da shi, kuma ba a samun sa sai da shekaru na kallo da gwaji.

Daga nan ya mayar da haɗarin sana'a. Ya rinƙa barin asid ya cinye har gefunan farantin, ta yadda maimakon murabba'in da aka saba gani, sai a ga wata siffa mai tsage-tsage kamar tsohon ƙarfen da aka tono daga ƙasa, tana zaune a tsakiyar farar takarda. Takardar ta daina zama shimfiɗar da ake ɗora zane a kai, ta shiga cikin zanen da kanta. Ya kuma ƙi bin hanyar da aka saba ta yin faranti ɗaya ga kowace kala. A faranti guda yake cusa baƙi cikin kwarmi, ya bi saman da wata kalar, ruwan tsatsa ko shuɗi ko ruwan ƙasa, a buga su gaba ɗaya a tafiya guda. Sakamakon haka kalolin suke haɗuwa a bakin kwarmin ta hanyar da buroshi ba zai iya kwaikwaya ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan takardu ido da ido zai lura tana da tudu da kwari, hannu na ƙaiƙayin ya shafa. A allon wayar salula duk wannan ɓacewa yake, sai baƙin tabo kawai ya rage, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukuncin da ake yanke wa irin wannan aiki a Facebook yake zuwa da arha. A 1959 aka ba shi babbar kyautar baje kolin ayyukan bugu na duniya da ake yi a Ljubljana.

A wannan shekara ta 1957 ɗin ya fara bugun dutse a shagon Mourlot, wanda ya yi wa Picasso da Chagall da Miró aiki. Wannan dabara ta dogara ne kan gabar da ke tsakanin mai da ruwa. A yi zane da tawada mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a jiƙa dutsen, sai tawadar bugu ta kama wurin maiƙon kawai ta ƙi wurin ruwan. Bugun dutsensa ya fi kusa da zanensa na fenti, da faffaɗan shafi da kala mai shara-shara da ake hango wata ta ƙarƙashinta. Shi ne ya fi yawa a cikin ayyukansa na bugu, shi ne kuma ya fi yawo a duniya, har da takardar tallan da ya yi wa wasannin Olamfik na Munich a 1972. Amma in za a faɗi gaskiya, dutsen bai taɓa yi masa gardama kamar yadda jan ƙarfe ya yi ba, kuma ayyukan sun fi daɗin kallo fiye da yadda suke girgiza mutum. Daga baya ya ƙara da serigirafi, bugun da ake tura tawada ta cikin yadi mai ƙananan ramuka.

Tsakanin 1975 da 1977 ya yi wani abu da ke nuna cewa shi kansa ya san inda dukiyarsa take. Ya ɗauko wasu daga cikin farantan da asid ya cinye, ya sa aka faɗaɗa su aka zuba su da tagulla, guda uku. Ya goge wasu wuraren har suna ƙyalli, ya bar kwarmin da duhunsa. Wanda ya gitta ta gabansu zai ga haske na sauya wuri a kansu. Ba a yi shekara biyu ba, a watan Janairun 1979, ya kwana yana fama da wani zane har baƙin fenti ya mamaye shi kaf, ya ɗauka ya ɓata shi, ya je ya ɗan kwanta. Da ya dawo sai ya ga ashe ba baƙin yake kallo ba, hasken da ke tashi daga tudu da kwarin fentin ne. Daga wannan dare ya koma yin zane da baƙi zalla, yana jan sa da faffaɗan buroshi da wuƙaƙe domin ya bar layukan da za su kama haske, ya kuma raɗa wa salon suna outrenoir, wato abin da ke bayan baƙi.

Wanda ya taɓa ganin rawanin shuni da ya sha bugu, irin wanda Buzaye ke naɗawa ranar biki, ba ya buƙatar dogon bayani. Yadin ya yi duhu har ya kusa zama baƙi, amma da rana ta taɓa shi sai ya yi walƙiya kamar ƙarfe, kuma walƙiyar na bin motsin mai shi. Masu bugun shuni sun san wannan tun kaka da kakanni ba tare da sun raɗa masa sunan Faransanci ba. Abin da ya kamata a riƙe game da Soulages shi ne, wannan salo da ya sa duniya ta san shi, a shagon bugu aka yi cikinsa. Tudu da kwari, haske a cikin duhu, haƙurin sake duban abin da ake zaton ya lalace, duk jan ƙarfe ne ya koya masa su shekara 22 kafin daren 1979.

A nan kuma dole a faɗi abin da masu yabonsa a Faransa ba su cika son ji ba. Daga 1979 har rasuwarsa a ƙarshen Oktoban 2022, yana da shekara 102, ya yi fiye da shekara 40 yana zanen baƙi. Wasu daga cikinsu manyan ayyuka ne da ke tsayar da mutum cak. Da yawa kuma ƴan uwan juna ne, in ka ga goma ka ga ɗari. A daidai wannan lokaci ne bugun ya ja baya sosai a aikinsa, girmamawa kuma ta yi ta hauhawa: baje koli a gidan tarihin Hermitage na Rasha a 2001, wani a cibiyar Pompidou a 2009 da ya tara masu kallo kusan rabin miliyan, sai Louvre a 2019 lokacin da ya cika shekara 100, sannan bikin karramawa na ƙasa da shugaba Emmanuel Macron ya jagoranta bayan mutuwarsa. Idan ƙasa ta mayar da mai zane tutarta, attajirai kuma suka san irin abin da suke so su saya daga hannunsa, wuya ne ya sake barin asid ya huda masa wani abu. Babban togon da za a yi shi ne tagogin gilashi 104 da ya yi wa tsohuwar majami'ar Conques tsakanin 1987 da 1994, inda ya sake komawa ɗalibi, ya yi ta gwaje-gwaje har ya samo gilashin da ke shigar da haske ba tare da an ga waje ba. Duk inda kayan aiki suka yi masa taurin kai, a nan yake fi kyau.

Afirka ta Yamma tana da nata guntun labarin a rayuwar wannan mutum. Léopold Sédar Senghor abokinsa ne tun kafin ya zama shugaban Senegal, ya kuma rubuta cewa ganin aikin Soulages na farko ya buge shi kamar yadda ganin abin rufe fuska na ƙabilar Dan ya buge shi. A 1974 ya sa aka shirya masa babban baje koli a Musée Dynamique da ke Dakar. Senghor na jin kiɗan Afirka a cikin waɗannan baƙaƙen layuka. Soulages kuwa in ana maganar tushensa, duwatsun da mutanen da suka sassaƙa a yankin Rodez yake ambata, da ginin Conques da ya gani yana yaro. Babu buƙatar a ja shi da ƙarfi a mayar da shi ɗan gida. Abin da ya fi jan hankali shi ne makomar zanen da Senghor ya mallaka, wanda aka yi a watan Disamban 1956. Ya bi gadon iyali ya zauna a Normandi, kuma a watan Janairun 2021 aka yi gwanjonsa a birnin Caen kan kusan yuro miliyan ɗaya da rabi, wato dab da miliyar guda na sefa. Zane ɗaya ne, bango ɗaya zai rataya, kuma mai bangon ne zai yanke wanda zai gani. Faranti guda na jan ƙarfe kuwa yana haifar takarda 50 ko 100, kowace ta asali ce, kowace da gidan da za ta shiga.

Wannan shi ne dalilin da ya sa batun ya wuce labarin wani dattijon Bafaranshe. A Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram, shagunan serigirafi ba baƙi ba ne. Su ke buga rigunan makarantu da na ƙungiyoyin ƙwallo, da na biki da suna, da kyallayen talla. Kayan aikinsu firam ɗin katako ne, da yadi mai ƙananan ramuka, da roba mai faɗi da ake jan tawada da ita. Waɗannan dai su ne kayan da aka buga serigirafin Soulages da su, waɗanda yau ake saye da dubban yuro. Ba wanda zai ce wa mai shago ya bar odar riga 200 ya zauna wasa da tawada, domin mai oda ba ya son kuskure kuma shago sai ya ci. Amma matasa masu zane da dama na ɓata watanni a kan zane guda, suna jiran baƙo ɗaya da zai zo ya saya, alhali a bayan layinsu akwai injin da zai iya fitar da aikinsu sau 30 a kan takarda mai kauri, a farashin da malamin makaranta ko ɗan uwa da ke Lyon zai iya biya. Mai zane da mai bugu suna unguwa ɗaya, kowa na ganin ɗan uwansa ba sa'ansa ba ne. Soulages kuwa, da duk sunan da ya yi, sai da ya je ya tsaya a gefen Lacourière yana sauraro.

Kuma ba sai an je Montmartre ba ake samun misali. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a kwalejin Zariya kuma yana cikin matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya gamu da kusan irin wannan haɗari a 1967. Asid ya ɓata masa faranti, sai ya cike ramukan da wani irin gam mai ƙarfi, ya buga, ya ga ya samu tudu da kwarin da bai taɓa gani ba. Daga nan ya gina dabarar da ta sa ya zama ɗaya daga cikin manyan masu bugun zane a Afirka. Shi ba mai zane marar siffa ba ne, mutane da tatsuniyoyi yake zanawa, amma halin guda ne. Tun 1998 kuma yake tara matasa a wani taron koyon sana'a na lokacin hunturu a garinsu Agbarha-Otor da ke jihar Delta.

Ga ƴan ci-rani da ke Turai, waɗanda za su iya cin karo da sunan Soulages a kantin intanet ko a kasuwar tsofaffin kaya, akwai abin da ya kamata a sani kafin a fitar da ko yuro ɗaya. Bugu na asali daban, hoton zane daban. Na asalin shi ne wanda mai zanen ya yi aikinsa a kan farantin ko dutsen domin bugu tun farko. Yawanci yakan sa hannu da fensir a ƙasan takardar, a ɗaya gefen kuma a rubuta lamba biyu, misali 12/100, wato ta 12 cikin 100 da aka buga. Hoton zanen da injin zamani ya kwafo, ko da ya fi kyau a ido, takardar ado ce kawai, kuma akwai masu sayar da ita da farashin ta asali. Sassaƙar asid ta gaskiya tana da shaidar da ke da wuyar ƙirƙira, domin gefen farantin yana barin sawunsa a jikin takardar. Sai dai kasuwa ta riga ta iso nan ma. Tun bayan da farashin manyan zanensa ya tashi, takardun da aka yi domin su shiga gidajen masu matsakaicin ƙarfi sun koma hannun masu saye don su ɓoye su jira riba.

Wanda yake son gani ba tare da ya saya ba, akwai wuri guda. A 2005 Soulages da Colette suka ba garin Rodez kyautar ayyuka kusan 500, aka gina musu gidan tarihi da aka buɗe a watan Mayun 2014. Ginin an lulluɓe shi da ƙarfe mai tsatsa, launin da ke tuna wa mutum ruwan kalar kafintocin da ya fara da shi. Ya gindaya sharaɗi cewa sai an keɓe fili mai faɗin murabba'in mita 500 domin baje kolin wasu masu zane, saboda ba ya son wurin ya zama hubbarensa. A can ne aka tara dukkan ayyukansa na bugu, a ɗaki mai ƙarancin haske domin kar takardun su koɗe, tare da farantan jan ƙarfen da suka fito daga jikinsu, da ramukansu da cinyayyun gefunansu kamar yadda asid ya bar su.